Tsufan Aro

Da hantsi Ɗanlami ya shigo shagona a Tudun Wada
da hoto ɗaya a ambulan, gefensa ya sha ruwa.
Kakansa ne, Malam Jatau, tsaye a bakin zaure a Kwarbai,
riga ta sauko masa har idon sawu,
aska takwas a ƙirji, tambari a gefe.
Ya ce, "Gara ta cinye ta a cikin adaka,
bakin aljihu kaɗai ta bar mana.
Irinta nake so,
kuma ta zo da shekarunta."

Na dubi kekena.
Bara na saye shi, ko ledar jikinsa ban gama ɓarewa ba.
Abin da ubana ke yin wata huɗu a kansa,
zaune a tabarma, allura a hannu, goro a kunci,
shi kafin la'asar ya kammala, ko gumi babu.
Aibinsa ɗaya ne:
ba ya kuskure.

Sai na fara da zare.
Na jiƙa shi a shayin da ya kwana,
na tauna goro na ƙara masa ja kaɗan,
na shanya a inuwar darbejiya
don kada rana ta yi masa gaggawa,
har farinsa ya kwanta,
ya koma launin zaren tsamiya
wanda yanzu sai an sha yawo a kasuwa.

Sannan na zauna koya wa keke gajiya.
Na sassauta zaren ƙasa.
Nan na rage taku, can na tsawaita.
A aska ta biyar na karkata hannu,
daidai inda maɗinki zai ji kiran azahar,
ya soke allura ya tashi,
ya dawo da wani tunanin a zuci.
Da'ira ɗaya na bar ta ta ɗara 'yan'uwanta.
An ɗauke wuta sau uku, ban yi tsaki ba,
kowace tsayawa ta bar tabo irin na ɗan Adam.

Masu bugu suka karɓa,
suka yi mata dukan shekara arba'in a wuni guda.
Na naɗe ta da kanumfari,
ta kwana bakwai a ƙarƙashin katifata.

Ranar da muka kai ta cikin birni,
Gwaggo Dudu na zaune a bakin ɗaki,
autar Malam Jatau, yana ta rufe mata ido.
Ba ta nemi haske ba.
Ta bi aska da yatsa, ɗaya bayan ɗaya,
ta shinshina,
sai ta juya rigar ciki waje.

"Hannu yakan bar ƙulli a baya," in ji ta.
"Wannan bayanta sumul,
kamar wadda ba ta taɓa jin yunwa ba.
Keke ne."

Na sunkuyar da kai.
Ɗanlami ya shiga gyaran hula.

Yatsanta ya koma aska ta biyar, ya daɗe a nan.
"Amma haka ta Baba ta karkace.
Wa ya gaya maka?"
Ba wanda ya gaya mini.
A hoton ma hannunsa ya rufe wurin.
Haka dai na ga ubana na yi
in cinyarsa ta fara sanyi.

Ta miƙa wa Ɗanlami.
"Sa ta. Kar ka mayar da ita adaka.
Bari miyar kuka ta ɗiga mata,
ka zauna da ita a ƙasa wurin gaisuwa,
jikanka ya kama aljihun ya miƙe tsaye.
Sauran tsufan ba a shago ake yin sa ba."

Da na koma, wuta ta dawo.
Keke na jira, fitilarsa a kunne.
Ragowar zaren na rataye a ƙusa,
har yanzu yana ƙamshin shayi.